Harvey Cushing

Harvey Williams Cushing (an haife shi ranar 8 ga Afrilu, 1869, ya mutu ranar 7 ga Oktoba, 1939) likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Amurka, kuma marubuci. Shi ake kallo a matsayin wanda ya mayar da tiyatar ƙwaƙwalwa fanni mai cin gashin kansa. A lokacin da ya shiga aikin, wanda duk aka buɗe wa ƙoƙon kai don a ciro masa ƙari, da wuya ya tashi. Kafin ya ajiye aiki a 1932 ya yi wa masu ƙarin ƙwaƙwalwa fiye da 2,000 aiki, kuma a shekarunsa na ƙarshe waɗanda suke mutuwa sanadin aikin ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi da Percival Bailey ne suka fitar da tsari na farko da ya haɗa kamannin ƙarin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin madubin likita da tsawon ran da majiyyaci zai yi, kuma daga wannan tsarin ne matakan da likitoci ke bai wa ƙari a yau suka samo asali. Akwai cuta da ke ɗauke da sunansa.

Asali da karatu

An haife shi a birnin Cleveland na jihar Ohio, shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Likitanci gadon gidansu ne: mahaifinsa Henry Kirke Cushing likita ne, haka kakansa Erastus, haka mahaifin kakan. Sunan mahaifiyarsa Betsey Maria Williams. Ya yi digirin farko a Jami'ar Yale ya gama a 1891, daga nan ya wuce makarantar likitanci ta Harvard ya kammala a 1895.

Yana ɗalibi ne wani abu ya faru da ya daɗe yana damunsa. A wancan zamani ɗalibai ake sa wa su shaƙa wa majiyyaci maganin barci, wato ita, kafin a fara fiɗa. Wata rana majiyyacin da Cushing ke shaƙa wa maganin ya mutu a gaban ɗalibai, har ya yi tunanin barin karatun likita baki ɗaya. Bai bari ba. Shi da abokin karatunsa Ernest Amory Codman suka ƙirƙiro wata takarda da ake rubuta bugun jini da numfashin majiyyaci a kanta lokaci zuwa lokaci yayin da ake aiki, don a ga alamar haɗari tun kafin ya iso. Takardar da mai ba da maganin barci yake cikewa a kowane ɗakin fiɗa a yau jikanyar wannan ce.

Baltimore da tafiya Turai

Bayan shekara guda a Babban Asibitin Massachusetts, ya koma Asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a 1896, ya yi aiki ƙarƙashin William Halsted. Halsted mutum ne mai aiki a hankali. Ba ya gaggawa, ba ya barin ƙaramar jijiyar jini tana zuba, kuma yana taɓa tsoka kamar wanda ke tsoron ya ji mata ciwo. Sauran likitocin fiɗa na lokacin da saurin hannu suke taƙama. Cushing ya ɗauki salon Halsted ya kai shi cikin ƙoƙon kai, inda ya fi ko'ina amfani. A Baltimore ɗin ne kuma ya shaƙu da William Osler, babban malamin likitanci, wanda ya zama masa kamar uba kuma ya cusa masa son tara tsofaffin littattafan likitanci.

Daga 1900 zuwa 1901 ya zaga Turai. A Landan ya kalli Victor Horsley yana aiki. A birnin Bern na Suwizalan ya zauna wurin Theodor Kocher, ya yi gwaje-gwaje a ɗakin binciken Hugo Kronecker, inda ya nuna cewa idan matsi ya ƙaru a cikin ƙoƙon kai, jiki yakan ɗaga ƙarfin jini don ya ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa. Har yau idan aka kawo wanda ya bugu a kai, aka ga jininsa na hawa, bugun zuciyarsa na raguwa, numfashinsa ya rikice, likitoci sun san ƙwaƙwalwa na matse, kuma da sunan Cushing suke kiran wannan alama. A garin Pavia na Italiya ya ga abin awon jini na Scipione Riva-Rocci, irin wanda ake ɗaurawa a dantse a hura masa iska, ya kawo shi Amurka ya dage sai an riƙa amfani da shi lokacin fiɗa. Ya ƙarasa da Liverpool wurin Charles Sherrington, wanda ke binciken sassan ƙwaƙwalwar birai da ke sarrafa motsin gaɓoɓi.

Aikin ƙwaƙwalwa

Ba Cushing ne ya fara ciro ƙari daga kai ba. William Macewen ya yi irin wannan aiki a Glasgow a 1879, Rickman Godlee kuma ya ciro ƙari daga cikin ƙwaƙwalwa a Landan a 1884, sai dai majiyyacin ya mutu bayan kimanin wata guda saboda ciwon ya ruɓe. Abubuwa uku ne ke kashe mutane: zubar jini, kumburin ƙwaƙwalwa, da shigar ƙwayoyin cuta. Ga kuma matsalar gano inda ƙarin yake, a zamanin da babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Likita sai dai ya duba idon majiyyaci, ya gwada ganinsa da ƙarfin hannayensa da tafiyarsa, ya saurari labarinsa, sannan ya yanke shawarar wane ɓangaren kai zai buɗe.

Cushing ya bi waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya. A 1911 ya fito da ƙananan ƙarafan azurfa da ake matse jijiyar jini da su a wurin da zare ba ya iya ɗauruwa. Ya riƙa ɗinke fatar kai hawa biyu don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa tsattsafowa ya zama ƙofar cuta. Idan ƙari ya fi ƙarfin ciro wa, yakan cire ɗan ƙashi a gefen kai ƙarƙashin tsokar tauna don matsi ya ragu, majiyyaci ya huta da ciwon kai kuma ganinsa ya tsira. Ranar 1 ga Oktoba, 1926 ya fara amfani da na'urar lantarki ta William Bovie, wadda ke yanka tana ƙone bakin jijiya a lokaci guda. Da wannan na'ura ya sake kiran wasu majiyyata da a da ya fasa yi musu aiki saboda yawan jini.

A 1910 ya ciro ƙari daga kan Janar Leonard Wood, babban hafsan sojan Amurka, mutumin ya warke ya koma bakin aiki. Wannan ya ɗaga sunansa ƙwarai. Ƙarin ya dawo bayan shekaru, Cushing ya sake yi masa aiki a 1927, Wood ya mutu bayan aikin. A 1912 Harvard ta ba shi kujerar farfesan fiɗa tare da shugabancin sashen fiɗa na sabon Asibitin Peter Bent Brigham da ke Boston, inda ya zauna shekara ashirin.

Fituwitari da cutar Cushing

Fituwitari wani ɗan ƙullin nama ne da bai fi ƙwayar wake ba, yana zaune a ƙasan ƙwaƙwalwa yana fitar da sinadaran da ke sarrafa girma da haihuwa da wasu ayyukan jiki. Cushing ya yi shekaru yana bincikensa, ya fitar da littafi a kansa a 1912 mai suna The Pituitary Body and its Disorders. A cikin majiyyatan da ya bayyana akwai wata mace 'yar shekara 23 mai ƙiba a ciki da fuska, ga gashi ya fito mata inda bai saba ba, ga al'adarta ta ɗauke. Sai a 1932 ya haɗa labarinta da na wasu, ya nuna cewa ƙaramin ƙari a fituwitari ne ke jawo wannan yanayi. An gane daga baya cewa ƙarin yana sa jiki ya cika da sinadarin kotisol. Idan daga fituwitari abin ya taso ana ce masa cutar Cushing, idan kuma daga wani wuri ne, misali yawan shan magungunan sitiroyid, ana kiransa alamomin Cushing. Bambancin nan ya kan rikita ɗalibai a jarrabawa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ya je Faransa a 1915 da tawagar likitocin Harvard, ya sake komawa a 1917. Lokacin gumurzun Passchendaele ya yi aiki a wani asibitin tanti na sojan Birtaniya kusa da fagen daga, yana yi wa waɗanda harsashi ko ɓaraguzan bam suka shiga kansu aiki tun safe har dare. Yakan tsotse ƙazanta da matacciyar tsoka da bututun roba mai laushi, ya jawo ɓarbashin ƙarfe da maganaɗisu, sannan ya rufe ciwon. Mace-macen masu irin wannan rauni a hannunsa sun sauko daga sama da rabi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. A ƙarshen Agustan 1917 aka kira shi kan wani matashin hafsa da ya ji mummunan rauni, ashe Revere ne, ɗa tilo na Osler. Ya mutu Cushing na wurin. A 1918 shi kansa ya kamu da ciwon jijiyoyi da ya raunana ƙafafunsa har ƙarshen rayuwarsa.

Rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa

Wannan shi ne aikin da ya fi daɗewa yana amfani, kuma ba a ɗakin fiɗa aka yi shi ba. A ƙarni na 19 Rudolf Virchow na Jamus ya raɗa wa ƙarin da ke tasowa daga tsokar ƙwaƙwalwa suna giliyoma. Kalmar daga Girkanci take: giliya na nufin abin liƙi, kamar danƙo, domin an ɗauka aikin waɗannan ƙwayoyin halitta shi ne riƙe ƙwayoyin jijiya kawai, ɗafin oma kuma shi ke nuna ƙari. Matsalar ita ce suna ɗaya ya rufe abubuwa mabambanta. Majiyyata biyu za su zo, a ce wa kowannensu giliyoma gare shi, ɗaya ya mutu cikin wata shida, ɗaya ya yi shekara goma yana harkokinsa. Likita ba shi da abin da zai gaya wa dangi, kuma bai san wanda ya cancanci a sake buɗe masa kai ba.

Tun yana matashi Cushing ke ajiye duk tsokar da ya ciro. Ana ba da labari cewa a farkon aikinsa wani samfurin fituwitari da ya aika ɗakin bincike ya ɓata, daga ranar ya ce shi zai riƙa tsare nasa. Ba ya lissafa ƙari cikin adadinsa sai an tabbatar da shi a madubin likita, kuma yakan bi majiyyatansa da wasiƙa kowace shekara yana tambayar lafiyarsu. Idan wani ya mutu yakan roƙi dangi su bari a duba ƙwaƙwalwar. Saboda haka a kowace kwalba akwai tsoka, kuma a kowane fayil akwai ranar da aka yi aiki da ranar da mai ita ya mutu, ko shaidar cewa yana raye.

Percival Bailey, matashin likita daga kudancin jihar Illinois, shi ya zauna da wannan tari tun daga 1922. Ya yi amfani da rinin zinariya da na azurfa da masanan Sifen, Santiago Ramón y Cajal da Pío del Río Hortega, suka ƙware a kansa, wanda ke fito da siffar kowace ƙwayar halitta da rassanta. Ya duba giliyoma fiye da 400. Hujjar da suka ɗora aikin a kanta ita ce: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna bin matakai tun daga cikin mahaifa har su nuna, kuma kowane ƙari yana kama da ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Wanda ƙwayoyinsa suka yi kama da ɗanyu, marasa siffa, shi ne mai saurin girma da saurin kisa. Wanda ƙwayoyinsa suka yi kama da nunannu yana tafiya a hankali. Da suka jera rukunonin suka duba fayilolin majiyyata, sai lissafin ya yi daidai da abin da suka zata.

A 1926 suka buga littafin A Classification of the Tumors of the Glioma Group. Da farko rukuni 14 suka fitar, daga baya aka rage su zuwa 10. Mafi muni cikin waɗanda aka fi gani shi ne wanda yanzu ake kira giliyobilastoma, masu shi kimanin shekara guda suke yi. Masu astirosaitoma kuwa, wanda ƙwayoyinsa ke da rassa kamar tauraro, abin da sunan ke nufi ke nan, sukan haura shekara biyar. Su ne kuma suka ware medulobilastoma a 1925, ƙarin da ke kama yara a ƙeyar ƙwaƙwalwa. Ɗafin bilast da ke cikin waɗannan sunaye na nufin tsiro ko toho, wato ƙwayar da ba ta gama zama ba. Abin lura shi ne, ƙwayar da suka yi zaton ita ce uwar medulobilastoma, wadda suka raɗa wa suna medulobilast, ba a taɓa samunta ba. Ka'idar tasu ta sami gyara sosai, amma sunayen sun zauna, kuma babban abin da suka nuna bai rushe ba: kamannin ƙari a gilashi yana faɗin abin da zai yi wa mai shi.

Sunan meninjiyoma ma Cushing ne ya ƙirƙiro shi a 1922, don ƙarin da ke tasowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Yawancinsa ba mugu ba ne, idan aka ciro shi duka mutum na iya warkewa sarai.

Louise Eisenhardt da rumbun ƙari

Louise Eisenhardt ta fara aiki da Cushing a 1915 a matsayin mai taya shi shirya rubutu. Ta koma makaranta ta zama likita a 1925, ta dawo ta karɓi ɗakin bincikensa bayan Bailey ya tafi Chicago. Ita ce ke riƙe da littafin da ake rubuta kowane aiki da sakamakonsa, kuma ana cewa ko Cushing ba ta bari ya taɓa lissafin. A 1930 su biyun suka bayyana hanyar gano irin ƙari cikin 'yan mintoci: a ɗauki ɗan guntun tsoka ɗanye, a shafa shi a gilashi, a ɗiga masa rini, a duba nan take, alhali majiyyaci na kwance kansa a buɗe. Amsar da ta fito daga madubin ita ke gaya wa likitan fiɗa ko ya ci gaba da ciro wa ko ya tsaya.

Da Cushing ya koma Yale, aka kwashe kwalaben da gilasan da fayilolin zuwa New Haven, Eisenhardt ta zama shugabar wannan rumbu. Likitocin ƙwaƙwalwa masu tasowa sukan je su zauna makonni suna koyon gane ƙari a wurinta, waɗanda ke nesa kuma su aiko mata da gilasansu ta gidan waya su jira amsa. A 1938 ita da Cushing suka fitar da babban littafi kan meninjiyoma da ya ƙunshi majiyyata 313. Ita ce editar farko ta mujallar Journal of Neurosurgery daga 1944, ta riƙe ta sama da shekara ashirin. Ta mutu a 1967.

Abin da ya biyo baya: matakai da duba daga nesa

Bailey da Cushing suna suka bai wa ƙari, ba lamba ba. Lambar daga Asibitin Mayo ta fito. Albert Broders ya fara raba sankarar leɓe mataki huɗu a 1920, sai James Kernohan da abokan aikinsa suka ɗora irin wannan a kan giliyoma a 1949. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin a 1979 ƙarƙashin jagorancin Klaus Zülch, ta sabunta shi a 1993, 2000, 2007, 2016 da 2021. Mataki na 1 shi ne mai tafiyar hawainiya wanda fiɗa kaɗai kan iya magance shi, na 4 shi ne mafi tsanani. Abin da mai duba gilashi ke nema shi ne yadda cibiyoyin ƙwayoyin suka sauya kama, yawan waɗanda ke rabuwa, tsirowar sabbin ƙananan jijiyoyin jini, da wuraren da tsoka ta mutu. Daga 2016 aka ƙara gwajin ƙwayoyin gado, irin su sauyin IDH, ta yadda gilashi kaɗai ba ya yanke hukunci a kan wasu ire-iren. Matakin ne ke nuna ko za a tsaya a fiɗa, ko a ƙara da gashi da haske, ko da magungunan sankara. Kuskure a nan yana da tsada ta kowane ɓangare: ko a gasa wanda bai buƙata, ko a sallami wanda ƙarinsa zai dawo cikin watanni.

Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa ko a ƙasashe masu arziki, shi ya sa aika gilashi wurin gwani ya zama al'ada tun zamanin Eisenhardt. Telefatoloji, wato duba tsoka daga nesa, ya maye gurbin gidan waya da hoto. A 1968 an aika hotunan gilasai marasa launi ta talabijin daga asibitin filin jirgin sama na Logan zuwa Babban Asibitin Massachusetts, inda Cushing ya fara aiki. Ronald Weinstein ne ya raɗa wa abin suna a 1986. A 1989 aka fara amfani da shi a arewacin Norway, tsakanin Tromsø da Kirkenes, don ba da amsa ana tsakiyar fiɗa. A Toronto ta Kanada kuwa tun 2004 ake duba samfuran ƙarin ƙwaƙwalwa na wani asibiti daga wani asibitin ta wannan hanya. Yanzu na'ura ce ke ɗaukar hoton gilashin gaba ɗaya, likita ya buɗe shi a kwamfuta ya matso ya ja baya kamar yana riƙe da madubin. Hoto ɗaya kan kai gigabait guda ko fiye, don haka sai da wuta da intanet mai ƙarfi. Kuma hoto ba ya gyara gilashin da aka yanka da kauri ko aka rina ba daidai ba, ba ya kuma nuna ɓangaren ƙarin da likitan fiɗa bai ɗebo ba.

A Najeriya, Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, bayan ya yi horo a Amurka. A arewa manyan asibitocin koyarwa ne ke irin wannan aiki, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Aminu Kano, da na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Majiyyaci daga Daura, Mai'aduwa, Zango, Ɓaure ko Sandamu da ciwon kai da amai da raguwar gani suka kai shi asibiti, aka ga alamar ƙari, tura shi gaba ake yi, ta Katsina ko ta hanyar Kazaure zuwa Kano. Telefatoloji ba ya ɗauke masa wannan tafiya, domin fiɗa sai inda likitan fiɗa yake. Abin da yake ragewa shi ne jiran amsa da wahalar neman ra'ayi na biyu, tunda hoton gilashin na iya isa gaban gwani a wani gari ko wata ƙasa a yini guda.

Halinsa

Cushing ba mutum ne mai sauƙin zama da shi ba. Majiyyata sun san shi da tausayi, yakan wanke musu ciwo da hannunsa, amma mataimakansa sun sha faɗa da baƙar magana a ɗakin fiɗa. Rigimarsa da tsohon ɗalibinsa Walter Dandy ta shahara. Bai tafi da shi Boston ba a 1912, kuma da Dandy ya fito a 1918 da hanyar zuba iska cikin kogunan ƙwaƙwalwa don a ga inda ƙari yake a hoton eksire, Cushing ya daɗe yana ɗari-ɗari da ita. Sun kuma saɓa kan ƙarin jijiyar ji: Cushing yakan rarake cikinsa ya bar ɓawon don tsira da ran majiyyaci, Dandy ya ce a cire duka. A nan tarihi ya fi goyon bayan Dandy. Marubucin tarihinsa Michael Bliss ya nuna cewa yana da ƙyamar launin fata da ta Yahudawa irin ta mutanen ajinsa a lokacin, ko da yake a shekarun 1930 ya taimaka wa likitocin da suka gudo daga Jamus ta Hitler su sami aiki.

Gwanin zane ne, da yawa daga hotunan da ke cikin littattafansa shi ya zana su, sau da yawa da fitowarsa daga ɗakin fiɗa. Tarihin Osler da ya rubuta cikin juzu'i biyu ya ci kyautar Pulitzer a 1926.

Iyali da ƙarshen rayuwa

Ya auri Katharine Stone Crowell, 'yar garinsu, a 1902, suka haifi 'ya'ya biyar. Babban ɗansu William ya mutu a haɗarin mota a 1926. 'Yarsu Betsey ta auri James, ɗan Franklin Roosevelt, a 1930.

Ranar 15 ga Afrilu, 1931 ya yi aikin ƙari na 2,000, aka ɗauki aikin a fim. A wannan shekarar wasu matasan likitoci suka kafa ƙungiya da sunansa, wadda ita ce ta zama ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka. Ya bar Brigham a 1932, ya koma Yale a matsayin farfesa daga 1933 zuwa 1937. Mashayin taba ne sosai, kuma toshewar jijiyoyin jini a ƙafa ta wahalar da shi a waɗannan shekaru. Littattafansa na da, tare da na John Fulton da Arnold Klebs, su ne tushen ɗakin karatun tarihin likitanci na Yale.

Ya mutu a New Haven ranar 7 ga Oktoba, 1939 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 70, aka binne shi a maƙabartar Lake View da ke Cleveland. Da aka duba gawarsa an sami wata ƙaramar ƙullutuwa mai ruwa a kogo na uku na ƙwaƙwalwarsa. Hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai hotonsa a 1988. Rumbun ƙarin ya yi shekaru a kulle a ƙarƙashin wani ɗakin kwanan ɗaliban likitanci na Yale, ɗalibai na satar shiga suna kallo, har aka gyara kwalaben aka buɗe musu Cibiyar Cushing a cikin ɗakin karatun makarantar a 2010.